Kujera Ta Sha Huɗu

Ni ka riƙon littafin kuɗi,
don haka in anka tambaye ni ranar da kamfanin yat tashi,
ba ni cewa ranar da lauya yab buga hatimi.
Sai in ce ranar da ruwa yaw wanke allon Tukur
a bakin gidan kallon Rijiyar Ɗorowa,
sunan fim da ƙarfe nawa duk sunka bi lambatu,
mutum arba'in sunka zo, sunka koma.

Tukur yac ce alli bai da amana.
Yat tara lambobi ɗari da shida a bayan kwalin sabulu,
kullum bayan la'asar shina tura saƙo:
yau na Indiya ne, awa ukku, akwai faɗa, akwai kuka,
janareto lafiya lau.
Wannan layin na ƙarshe shi yas sai da mu.

Luba taz zo daga jami'a da kwamfuta mai tsagaggen gilashi,
tac ce saƙo na cin riba, a gina shafi.
Wata huɗu tana zaune gindin dogon yaro a Mabera,
inda sabis ka kamawa in ka juya gabas.
Munka raɗa mai suna Kujerarka.

Alhaji Ladan mai fata yab ba da jari.
Bai taɓa kallon fim ba, kuma bai da niyya.
Tambaya guda yay yi: hajar nan tana ruɓewa?
Munka ce a'a.
Yaƙ ƙirgo kuɗin, suna warin gishiri da majema.

Daren farko munka sai da kujera ta sha huɗu ga mutum bakwai.
Duk bakwai ɗin sunka zo,
kowa da waya a hannu, kowa da gaskiya tai.
Tukur yar ruga wurin mai shayi.
Ga shi nan shafi na ukku da rubutuna:
hayar benci, dare guda, naira ɗari biyu.

Daga nan Runjin Sambo, Gawon Nama, Arkilla,
har wani mai rumfar kwano a Boɗinga yay yi kira.
Naira ashirin kan kowane tikiti,
ɗigon randa ne, amma gindin randa bai bushewa.

Sai shekarar annoba.
Kwaɗo a kowace ƙofa,
shafinmu na tsaye kamar ɗan kamasho a tashar da babu mota.
Mu tara ne, munka koma biyar.
Ni na rubuta sunayen huɗun,
har yau Sahabi in ya hange ni sai ya duba agogo.

Da takardar kuɗi taɓ ɓace a gari,
masu cewa ba su yarda da waya ba
su munka gani suna tambayar inda aka dannawa.
Wata biyu littafina yac cika, nis sayi wani.

Su ma mutanen Ikko sun ji ƙamshi.
Sunka zo cikin kwat a watan Afrilu, suna tsiyayar gumi,
ba su tambayi fim ko guda ba, sai yawan masu shiga.
Luba na son a sayar, Tukur yay yi shiru kwana tara.
Alhaji Ladan yac ce fata in ta jemu, kasuwa aka kai ta.

Sun sauya sunan.
Sun cire zancen janareto, wai bai dace da shafi ba.
Luba na can wurinsu, tana aiko gaisuwa da salla.
Tukur ya koma sarin albasa,
hajar da ka ruɓewa in ka yi barci.

Juma'ar da taw wuce nit taɓa waya, nis sayi ta sha huɗu.
Nij je, niz zauna.
Ba wanda yaz zo yac ce tashi, tawa ce.
Ana tsakar faɗa wuta taɗ ɗauke,
muna cikin duhu, ni kaɗai ka dariya.